Kiyaye Duwatsu, Ƙoramu Da Itatuwa Sa'ad Da Gari Yake Bunƙasa

Tun daga ran da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960 garuruwanta suke ta faɗaɗa. Inda a da ake noma dawa yau unguwa ce, makiyayar shanu ta zama tashar mota, ƙauyen da ke nesa da birni tafiyar yini guda yanzu birnin ya haɗiye shi. Wannan abin murna ne, gama jama'a suna bukatar gidaje da makarantu da asibitoci da hanyoyi, kuma babu gwamnatin da za ta so ƙasarta ta tsaya wuri ɗaya. Amma akwai wani kashi na ƙasa wanda in gini ya ci shi, garin ne da kansa zai cutu. Wannan kashi shi ne duwatsu da gangarensu, da bakin ƙorama, da fadama, da kurmi, da filayen da aka keɓe don itatuwa da shan iska.

Nufin wannan ƙasida shi ne a bayyana wa jama'a aikin da waɗannan wurare suke yi, da dalilin da ya sa hukuma take hana a taɓa su. An ɗauki Abuja don misali, domin ita ce birnin da aka zana a takarda tun kafin a aza tubali ko ɗaya. Saboda haka a nan ne ya fi sauƙi a gwada abin da aka nufa da abin da ya auku daga baya.

Hurumin gari

Keɓe fili a hana yin gini a cikinsa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kowane gari na da yana da huruminsa, watau filin da ke kewaye da shi wanda jama'a duka suke da haƙƙi a kansa. A nan dabbobin gari suke kiwo, a nan mata suke samo itacen girki, a nan ake ƙara maƙabarta in ta cika. Akwai burtalin da aka bar wa shanu, akwai mashaya, akwai filin Idi. Sarki ko dagaci shi ne mai tsaron waɗannan wurare, wanda kuwa ya sa garma a burtali ya san lalle sai ya amsa kira a fada. Manomi ma in yana sharar gona ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya, don ya san amfaninsu ya fi na 'yan kunyoyin da inuwarsu za ta danne.

Waɗanda suka gina ganuwar Kano ba su tsaya a bakin gidaje ba. Sun kewaye Dala da Goron Dutse da gonaki masu yawa, har Baturen nan Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa wani ɓangare ne kawai na cikin ganuwar yake da gidaje. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini kuwa su ne suka zama matattarar ruwan damina na unguwanni. Da birnin ya cika, an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Ruwan da suke ɗauka bai daina sauka ba, sai ya koma tituna da zaurukan mutane.

Abin da masu tsara birane na zamani suke kira koren fili ko filin shan iska, hurumin nan ne aka sa shi a taswira, aka ba shi lamba, aka kafa masa doka.

Yadda aka zana Abuja

A watan Agusta na 1975 Marigayi Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama hedkwatar Tarayya. A lokacin Ikko ta cika ta batse, teku da tafkuna sun tare ta, ba ta da inda za ta miƙe ƙafa. Kwamitin ya ba da shawarar a nemi sabon wuri a tsakiyar ƙasa, mai yalwar fili da ruwa da kyakkyawar iska. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala ya sanar wa ƙasa cewa gwamnati ta amince, sa'an nan Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, wanda aka yanko daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Dokar ce kuma ta kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya. Tsohon garin Abuja ya bar wa sabon birni sunansa, shi ya koma Suleja.

Wurin da aka zaɓa ba kango ba ne. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu suna zaune a cikinsa, suna noman doya da dawa. Ƙasa ce mai duwatsu, mai ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, wanda kusan dukansa yana sauka tsakanin Afrilu da Oktoba. A kan tudu akwai kaɗanya da ɗorawa da maje da doka, a cikin kwaruruka kuma akwai kurmi mai duhu irin na kudu. Daga gabas ga Dutsen Aso, daga arewa ga duwatsun Bwari, can bakin iyaka ta wajen Suleja ga Dutsen Zuma, wanda aka taɓa sa hotonsa a jikin takardar naira 100.

An ba da aikin zana babban tsarin birnin ga waɗansu kamfanoni uku na Amurka da suka haɗu a ƙarƙashin suna International Planning Associates, suka miƙa aikinsu a 1979. Ɗaya daga cikin ukun kamfanin su Ian McHarg ne, wani malamin tsara ƙasa wanda ya yi suna da wata hanyar aiki. Ga yadda hanyar take: a zana taswirar ruwa dabam, ta gangare dabam, ta irin ƙasa dabam, ta itatuwa dabam, sa'an nan a ɗora su bisa juna. Inda dukansu suka nuna babu hatsari, nan ne wurin gini. Inda suka nuna hanyar ruwa ce ko gangare mai tsayi, sai a bar shi yadda Allah ya yi shi. Irin wannan tunani ya bayyana sarai a tsarin Abuja. An ba birnin siffar jinjirin wata, yana bin shimfiɗar filin Gwagwa, cibiyarsa a gindin Dutsen Aso. An bar kawunan duwatsu da gangarensu ba gini. An bar kwarin kowace ƙorama ya ratsa tsakanin unguwanni da ciyawarsa da itatuwansa, ya zama magudanar ruwa da damina, wurin hutawa da rani. Manyan bututun ƙazamin ruwa ma ta cikin waɗannan kwaruruka aka bi da su, don ruwan ya gangara da kansa zuwa matata ba sai da injin turawa ba. Zanen tsakiyar birnin filla-filla kuwa wani mashahurin mai zanen gine-gine ɗan Japan, Kenzo Tange, shi ya yi shi.

Masu tsarin sun ƙiyasta birnin zai ɗauki mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, daga bisani ya tsaya a miliyan uku da 'yan kai, kuma a gina shi daki-daki cikin matakai huɗu. Mataki na farko shi ne ya ƙunshi Tsakiyar Birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Ran 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya ƙaura da fadar gwamnati daga Ikko zuwa Abuja.

Aikin da filin da ba gini yake yi

Mai wucewa yakan ga kwari cike da ciyawa a tsakiyar unguwa mai tsada, ya ce an yi asarar fili. Lissafi kaɗan zai nuna masa kuskurensa.

Da milimita ake auna ruwan sama. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin kwano na matsakaicin gida mai faɗin murabba'in mita 100, in aka tafka ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, zai zubo da lita 5,000, watau duro 25 na mai lita 200. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, saboda haka a wannan dare za ta karɓi lita 500,000, duro 2,500. In hektar nan daji ce, ganye zai tare wani ruwan, ciyawa za ta rage wa wani gudu, ƙasa kuma ta shanye mai yawa. Abin da ya saura zai isa ƙorama sannu a hankali cikin sa'o'i ko kwanaki. In kuwa hektar ta zama kwano da kwalta da daɓen siminti, kusan dukan duro 2,500 ɗin nan za su faɗa lambatu cikin 'yan mintoci. Yanzu mai karatu ya riɓanya wannan da ɗaruruwan hektocin unguwa guda, zai gane abin da ya sa ƙoramar da yaro yake tsallakewa da rani take tafiya da mota a watan Agusta.

Kowace ƙorama hanya biyu gare ta. Akwai ƙaramar da take bi kullum, wadda kowa yake gani. Akwai kuma babbar da take malala a cikinta shekarar da ruwa ya yi yawa, ita ce fadamar da ke gefenta. Ana iya shekara biyar ko goma ruwa bai hau wannan babbar hanya ba, har mutane su ɗauka tudu ce. Wanda ya yi gida a nan ya jawo wa kansa, ya kuma jawo wa waɗansu, domin katangarsa tana matse hanyar, ruwan ya taru a baya ya shiga gidajen da a da ba ya isa gare su, wanda ya sami wucewa kuma ya wuce da ƙarfin da zai rushe gadar da ke gaba. Birni yana ƙara yawan ruwan da ke shiga ƙorama, saboda haka hanyar da ƙoramar take bukata bayan an gina unguwa ta fi wadda take bukata lokacin da wurin yake daji.

A kan gangaren dutse saiwar itace da ta ciyawa su ne suke riƙe ƙasa. In an sare su, ruwa yana kwashe ƙasar sama, ya buɗe kwazazzabo, ya kai yashi da laka su toshe kwalbatoci. Lakar da ta wuce kwalbati tana ƙarewa a madatsar ruwa. Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma yake zuwa, wadda aka gina a shekarun 1980 ta wajen Ushafa, daga baya aka riƙa ƙara mata ruwa ta bututu daga madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna. Duk gona ko ginin da ya matso bakin irin wannan madatsa, laka da taki da ƙazanta yake aika mata, sai zurfinta ya ragu, kuɗin tace ruwan ya ƙaru. Ruwan da ƙasa ta shanye kuma shi ne wanda ake jawowa daga rijiya da burtsatse. Unguwar da ta rufe fuskarta duka da siminti tana ɗibar ruwan ƙasa ba ta mayarwa.

Sauran maganar zafi. Kwalta da kankare suna shan rana yini guda, da dare su riƙa fesar da zafin. Itace kuwa ban da inuwa yana fitar da laima ta ganyensa, wannan laima in ta tashi tana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafar jikinta. Shi ya sa titin da ke da itatuwa ya fi sanyi ko da bayan faɗuwar rana. Mai hali yana da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗan dako da mai talla da ɗan makarantar da ke tafiya a ƙasa, inuwar bakin titi ita ce tasu.

Abin da ya auku a Abuja

Ƙidayar 1991 ta sami ƙasa da mutum 400,000 a dukan Yankin Babban Birnin Tarayya. Ta 2006 ta sami kimanin miliyan 1.4, kuma tun daga nan tururuwar ba ta tsaya ba. Jama'a sun riga hanyoyi da magudanan ruwa isa. Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai ya koma Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe, ko ya ƙetare iyaka zuwa Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja. Yawancin waɗannan wurare sun cika ne ba tare da an keɓe musu fili irin na Maitama ba. Wannan babban giɓi ne, gama inda jama'a suka fi cunkoso nan ne ya fi bukatar filin wasan yara da hanyar ruwa, nan ne kuma aka fi rasa su.

A cikin birnin kansa, da fili ya yi tsada sai ido ya koma kan wuraren da aka bari. Ba da katafila ake fara cin koren fili ba, da alƙalami ake farawa. A nemi izinin kula da lambu, a kafa rumfar sayar da abin sha, rumfa ta zama ɗakin bulo, ɗaki ya zama zauren biki mai katanga da wurin ajiye motoci. Ko kuwa a sauya sunan fili a takarda, daga wurin shan iska zuwa wurin kasuwanci, a raba shi fuloti-fuloti. Kowane mataki in an dube shi shi kaɗai ƙarami ne. In an tara su sai a tarar kwarin da aka bar wa ruwa ya zama layin shaguna.

Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake Ministan Babban Birnin Tarayya, an yi gagarumin aikin mayar da birnin kan tsarinsa. An rushe gine-gine da yawa da aka yi a kan korayen filaye da kan bututun ƙazamin ruwa da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, aka kuma sa bayanan filaye cikin kwamfuta a ofishin da ake kira AGIS. An ƙwato filaye da dama. Amma rusau magani ne mai ɗaci, kuma sau da yawa ba mai laifin ne yake shan ɗacin ba. Dillalin da ya sayar ya ci kuɗinsa, wanda ya sa hannu a takardar bogi ya yi ritaya, sai wanda ya tara guminsa ya saya a bar shi da tarin bulo. Dubban marasa ƙarfi sun rasa matsuguni a ƙauyukan da aka rushe a gefen birni. Hana gini tun ana haƙa harsashi ya fi arha ga gwamnati, ya fi kuma adalci ga talaka. Tun ran gini ran zane.

A wannan zamani ne aka buɗe lambun Millennium Park a Maitama, mai faɗin hekta 32, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ran 4 ga Disamba, 2003. Ƙorama ce ta ratsa tsakiyarsa, an bar ta a buɗe da itatuwanta. Duk wanda ya ga yadda iyalai suke cika wurin ran Sallah da Kirsimeti zai san jama'a suna ƙishin irin wannan fili.

Inda aka matse hanyar ruwa kuwa, an ga sakamakon. Unguwannin Lokogoma da Galadimawa sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba. A rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, kan hanyar filin jirgin sama, ambaliyar watan Satumba na 2021 ta ci rayuka, ta watan Yuni na 2023 kuma ta shanye gidaje fiye da 100, har hukumar Babban Birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Waɗannan ba unguwannin bukkoki ba ne, gidaje ne na siminti da aka saya da miliyoyin nairori.

Duwatsu ma ba su tsira ba. Tsakuwar da aka gina Abuja da ita daga duwatsun da ke kewaye da ita aka fasa, musamman a Mpape, inda wani tsohon ramin fasa dutse ya cika da ruwa ya zama tafki. Gini ba ya yiwuwa sai da tsakuwa, amma abin da ake fasawa a shekara goma ba ya komawa har abada, kuma gidaje sun matso har gindin wuraren da ake sa nakiya. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi 'yar girgiza a Mpape da kewayenta. Masana sun danganta abin da motsin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, duk da haka hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙa burtsatse a wuraren na wani lokaci, har a gama bincike.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kiyaye ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun dajin Nijeriya. Kafin wannan, dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda asirinsa ya tonu a 1988, shi ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta Tarayya a wannan shekara. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli.

Dokar da ta fi shafar wannan magana ita ce Dokar Soja mai lamba 86 ta 1992. Ta wajabta cewa kafin a fara babban aiki, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, sai an yi binciken irin illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da jama'a, an rubuta rahoto, Ma'aikata ta amince. Manyan hanyoyi da madatsun ruwa suna cikin ayyukan da dokar ta lissafa, haka nan rukunin gidajen da ya kai hekta 50, da wurin fasa dutsen da ke tsakanin kilomita 3 da gidajen mutane. Abin da yawancin jama'a ba su sani ba shi ne, akan ajiye wannan rahoto a bainar jama'a har kwana 21 na aiki, a ofisoshin muhalli da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, bayan an yi shela a jarida da rediyo. Kowane ɗan ƙasa yana da ikon ya je ya karanta, ya rubuta ƙorafinsa. Ƙungiyar unguwa ko ta manoma ko ta makiyaya da ta san inda ruwa yake bi da inda burtali yake, a wannan lokaci ne maganarta ta fi amfani.

An ga amfanin irin wannan magana a Jihar Kuros Riba, inda mafi yawan ragowar kurmin Nijeriya yake, tare da wani irin gwaggon biri da ba a samunsa ko'ina sai can da maƙwabciyar ƙasar Kamaru. A 2015 gwamnatin jihar ta ƙudurta gina babbar hanya mai tsawon kimanin kilomita 260 daga bakin teku zuwa iyakar Jihar Binuwai. A farkon 2016 ta ba da sanarwar karɓe filin da ke kilomita 10 dama da hagu na hanyar. Mutanen ƙauyukan kurmin, musamman na Ekuri, da ƙungiyoyin kare daji suka yi ta kai kuka, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma ta nace sai an kawo rahoto mai gamsarwa. A 2017 jihar ta janye maganar karɓe wannan makeken fili, aka kuma karkatar da zanen hanyar daga Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba. Ba a ce kada a yi hanya ba. An ce a auna faɗinta, a duba inda za ta bi.

A Ikko kuma, a 1990 wata ƙungiyar kare halittu ta ƙasa ta killace hekta 78 a Lekki, sa'ad da yankin yake daji da fadama. Yau gine-gine sun kewaye wurin ta kowace fuska, birai da tsuntsaye suna nan a ciki, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Da an jira har yanzu, kuɗin sayen filin kaɗai ya isa ya hana.

Ga mai niyyar sayen fuloti

Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, Gwamna ne yake riƙe da ƙasar jiharsa amana, shi yake ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma tana ba da ta karkara. A Yankin Babban Birnin Tarayya dukan ƙasa tana hannun Gwamnatin Tarayya, Minista ne kaɗai yake da ikon ba da fili. Takardar da mai unguwa ko dillali ya rubuta ba ta hana rusau. Tilas mai saye ya kai lambar fulotin ofishin filaye, a Abuja watau AGIS, a duba masa abu biyu: sunan wanda ya mallaka, da irin amfanin da aka tsara wa wurin. Sau da yawa mutane suna tambayar na farko su manta da na biyu, alhali fili yana iya zama da mai shi na gaskiya amma an ba shi ne don lambu, ba don gida ba. Bayan wannan akwai izinin gini, wanda sashen kula da gine-gine yake bayarwa kafin a haƙa harsashi.

Fulotin da kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na maƙwabtansa abin tuhuma ne, arha ba ta ado. Yawanci da rani ake tallar irin waɗannan filaye, lokacin da ƙorama ta ƙafe, fadama ta bushe ta tsattsage. Amma ƙasa tana da alamunta. Baƙar laka mai tsagewa, da yashin da ruwa ya share ya tara, da ciyawar fadama, da tarkacen leda da kara da suka maƙale a rassan ƙananan itatuwa, duk suna nuna inda ruwa yake kaiwa. A dubi katangun gidajen da ke kusa ko akwai zanen laka a jikinsu, a tambayi tsofaffin manoman wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. In da hali, a dakata da biyan kuɗi sai an koma an ga filin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.

Wanda ya riga ya sami fili mai kyau, kada ya share shi ƙaf kafin a auna masa inda gini zai zauna. Maɗaci ko ɗorawar da ya tarar a wurin ta yi shekaru da yawa kafin ta kai haka, dashen da zai saya a bakin titi kuwa sai ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru kafin ya zauna a inuwarsa. Ya bar wani ɓangare na tsakar gida ba daɓe don ruwan indararo ya sami inda zai nutse, ya kuma nisanta sabon dashe daga harsashi da ramin masai saboda saiwa.